Direba da Gilashi Mai Tsawon Taɓarya

Tunda kyamara kake son saye don iyali, tsaya ka ji ta wani direban babbar mota kafin ka sa ƙafa a kanti.

Shi wannan direba yana da tsohuwa, mahaifiyarsa, wadda ta ga jikoki har da tattaɓa-kunne amma ba ta da hoto ko ɗaya a gidan. Mai hoto na waje ba ya shiga, don gidan ba shiga ne. Waya kuwa, tsohuwar ta riga ta kafa doka a kanta: duk jikan da ya nuna mata ita zai sha muciya, domin a cewarta hoton waya ƙafa gare shi, ka ɗauka a ɗaki, gobe ka gan shi a tasha. Abin yana cin direba a rai. Mahaifinsa ya rasu ba hoto, yau ko kamanninsa ba ya iya kwatanta wa 'ya'yansa, kuma yana tsoron a wayi gari ita ma haka. Ya yi ta lallashi, da turare da goro da atamfa, har ta sauko. Ta ce ta yarda, amma da kyamara ta gaske, a wanke hoton a rataye a ɗaki, kuma zama ɗaya za ta yi, washegarin Sallah da zuri'a ke haɗuwa, kafin kiran la'asar.

Bawan Allah ya shiga kasuwa da murna. Mai kanti ya ɗauko masa wata 'yar kyamara ta hannu, an ɗan yi amfani da ita amma lafiyarta ƙalau, da gajeren gilashi a gabanta, irin wanda ke kwashe ɗaki guda da mutanensa ko da haske bai isa ba. Kuɗinsa sun kai, har da rarar sayen jaka. Da ya biya ya fita, da babu labari. Sai idonsa ya faɗa kan wani gilashi a saman kanta, dogo kamar taɓarya, irin wanda 'yan jarida ke saɓawa a filin ƙwallo. Aka ɗaura masa shi a kan kyamarar ya leƙa. Can ƙetaren titi ya hango mai fura, ya ga ƙuda a bakin ƙwaryarta yana wanke hannu. Shi ke nan, zuciya ta tafi. Ya ce a ransa, uwar da ta haifi mai jan tirela ba za a ɗauke ta da abin da bai fi murfin kwalba ba. Mai kanti ya tambaye shi ko tsakar gidansu na da faɗi. Ya ce, “Malam, ni da nake juya tirela a lungu?” Ya bar gajeren, ya bar jakar, ya ƙara abin da ke aljihun wando, ya rungumo dogon.

Ranar ta zo. Aka share tsakar gida, aka baza tabarmi tsakanin ɗaki da murhu, wurin da in mutum biyu suka miƙe ƙafa sai sun nemi gafarar juna. Tsohuwa ta fito da sabon lalle da ɗaurin da ba ta yi ba tun tana da haƙora, ta zauna a tsakiya, aka ɗora mata jaririn gidan a cinya. 'Ya'ya a baya, jikoki a gaba, kowa ya gyara hula. Direba ya ɗaga kyamara ya leƙa. Hanci ya gani, guda ɗaya, ya cika fuskar kyamarar, kuma bai ma san na wane ne ba. Ya ja da baya, ya samu kunne. Ya ƙara ja, ya ture buta, ya taka kaskon kaji, bayansa ya daki bango, abin da ya samu bai wuce ɗankunne da gefen kallabi ba. Ya ruga zaure don ya ƙara nisa, ya manta cewa magabata sun karkata ƙofar ne musamman don na waje kada ya hangi na ciki. Ya ɗauko tsani zai hau katanga, wansa ya riƙe masa riga, don bayan katangar tsakar gidan maƙwabci ce da matansa. Gumi ya jiƙe sabuwar shadda. Yara sun fara ƙiƙiƙi, jariri ya tsala kuka, inuwar bango ta rufe rabin jama'a. Yana cikin murɗa gilashi dama da hagu, ladan ya ɗaga murya. Tsohuwa ta miƙa jariri ga uwarsa, ta dube shi da tausayi ta ce, “Sannu da aiki, ɗan nan. Allah ya yi albarka.” Ta ɗauki butar da ya ture ta wuce.

Daga baya ya koma ya musanya dogon da gajeren, bayan an zaftare masa abin da aka zaftare. Amma kafin nan zuri'a ta watse, na Fatakwal ya hau hanya, ta Agadas ta bi mijinta, tsohuwa kuma ta ce alkawarinta ɗaya ne, ta cika. Ka yi dariya in kana so, amma ka rage masa kaɗan, don ba mugunta ta kai shi ba. So ya yi uwarsa ta samu abin da ya fi na kowa girma, bai tsaya ya auna tsakar gidan da za ta zauna ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman ƙiba aka samo rama.