Zuciyar Alhaji Jaji

Zulfa tana manna wa Alhaji Jaji wayoyi a ƙirji sai ya ce, "Na gane ki. 'Yar Idirisu ce ke, wadda ta yi karatu a Turai. An ce na'urarki tana kama maƙaryaci."

"Bincike kawai muke yi kan bugun zuciya, Baba."

"Ke dai tambaye ni!"

Shekarar da aka ƙirƙiro Jigawa, Alhaji Jaji ne ya rantse gaban alƙali a Dutse cewa mahaifinta ya saci shanu. A kurkuku Idirisu ya rasu.

"Babana ne ya sace su?"

"Shi ne."

Takarda ta fito daga na'urar, kowane bugu daidai da ɗan'uwansa kamar agogo. Alhaji ya tuntsire da dariya. "Kin gani? Ko gezau!"

Zulfa ta daɗe tana kallon takardar. Lafiyayyar zuciya takan yi sauri, takan lafa. Wadda ta daina sauyawa, kamar tasa, ta kusa tsayawa, kuma ƙa'idar binciken ita ce a tura mai ita asibiti a Kano a ranar.

Ta cire wayoyin a hankali.

"Zuciyarka ƙalau take, Baba. Ba sai ka ga likita ba."