Shuɗiyar Hular Kawu

Har yau in na ji ƙamshin kafur, hular Kawu nake tunawa, shuɗiyar nan da ya dawo da ita daga aikin sojan kiyaye zaman lafiya. Wata la'asar a Gummi ya fito da ita daga akwati, na tambaye shi mutum nawa ya harbe.

"Ko guda, ɗiyata," in ji shi. "Ƙasashen duniya suna da babban zaure, kowace da bakin magana. Akwai kuma ƙaramin zaure, cikinsa manya biyar. In guda ta ce a'a, ba mu tafiya. In sun yarda, sai mu je mu tsaya tsakani."

Bai rufe baki ba muka ji hayaniya. Shanun maƙwabcinmu Jauro sun shiga dawar Malam Isa, wannan da sanda, wancan da lauje. Kawu ya kifa mini hular a ka, ya shiga tsakaninsu, ya shimfiɗa buzu ya ta da salla.

Babu mai gifta gaban mai salla. Suka yi cirko-cirko. Hular ta rufe mini ido ɗaya, amma da ɗayan na ga sanda da lauje a ƙasa, masu su kafaɗa da kafaɗa a bayan Kawu.