Wuƙar Badr Ta Ƙi Kaifi

Dutsen washi na uku ke nan Othman ya dawo da shi shagon Mish'al mai sayar da wuƙaƙe a unguwar Bagdadiyya, ya dangwarar a kan kanta kamar wanda aka sayar wa ruɓaɓɓen kifi.

Wuƙar ba wata babba ba ce. 'Yar aljihu ce mai naɗewa, irin mai tsadar nan da ƙarfenta ke da taurin tsiya. Ta ɗansa ce, Badr, direban wani gida a unguwar Abhur. Ranar wata Alhamis ya ajiye ta kusa da farantin uban ya ce a wasa masa kafin ya dawo. Othman, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana wasa wuƙaƙen injina a Madinar Masana'antu, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce halas, shi ke nan, sai ya samu lokaci. Badr bai dawo ba. Wata babbar mota ce ta haye shi a hanya.

Bayan an tashi daga zaman makoki, Othman ya kwanta ya juya wa duniya baya. Ba ci, ba magana, masallacin ma da ke bakin layi ya gagare shi. Matarsa Mastura ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka har muryarta ta dushe. A banza. Sai ranar da take share ɗaki wuƙar ta faɗo daga kan kabad, ya ji ƙarar, ya juyo. Ya ce alkawarin washin nan kaɗai ya rage tsakaninsa da yaron, kuma sai ya cika shi.

Tsohon dutsensa da ake ɗiga wa mai bai yi komai ba, sulɓi kawai wuƙar take yi a kai. Mish'al ya bayyana masa cewa irin wannan ƙarfe ya fi ƙarfin dutsen gargajiya, sai farantin da aka barbaɗa wa garin almas, wato daimon. Othman ya saya. Ya zauna a baranda tun hantsi, yana ja yana gwadawa a farce, har kafin la'asar wuƙar ta aske gashin hannunsa tas. Ya naɗe ta, ya ajiye a kan hular Badr, ya ce alhamdu lillahi, ya koma shimfiɗarsa. Abincin da Mastura ta kawo haka ta ɗauke shi.

Washegari ya ɗauko ta don ya ƙara gani. Ko takarda ta ƙi yanka.

Kai, ranar maƙwabta sun ji muryar Othman da suka manta! Ya zagi wuƙar, ya zagi wanda ya ƙera ta, ya nemi takalminsa. Mastura ta miƙo masa, ta haɗa da shayi da gurasa, ya ci a tsaye don haushi.

Mish'al ya duba bakin wuƙar a hasken fitila, ya ce mai yiwuwa siririn gashin ƙarfen da washi ke bari ne ya lanƙwashe, a bi da dutse mai laushi ya cire shi. Othman ya ɗauki farin dutse na tangaran. Ya yi aiki, wuƙa ta yi kaifi, kwana ɗaya ta mutu. Ya koma aka ba shi dutsen ruwa, wanda sai an jiƙa. Haka. Aka ce ya ƙarasa da goga ta a jikin fata. Haka dai.

Tun yana zuwa shago ɗaya har ya san duk masu sayar da wuƙa daga unguwar Balad zuwa bakin teku. Ya iya bambance dutse mai kaushi da mai santsi da ɗan yatsa, ido a rufe. In ya dawo a gajiye ya ci tuwo, ya yi wanka, ya bi jam'i, don mutum ba ya wuni a titi da yunwa. Mastura kan tambaye shi wane shago ya rage, har takan ce ta ji ana maganar wani a can kudu. Da ya ga filasta a yatsanta ya tambaya, ta ce albasa ce.

Amma abin yana cin sa. Ran da ya dawo da dutse na ukun nan, Mish'al ya wasa wuƙar da hannunsa a gabansa, ta yanka zare a iska.

"Ya Ammi, Baffana, wallahi dutsen lafiyarsa ƙalau," in ji Mish'al. "Wannan ƙarfen in ya kama kaifi, wata da watanni yake yi."

Othman ya dubi hannuwansa, ya karɓi wuƙar ya fita. A mota ya yi kuka, kukan da bai yi ba ko a maƙabarta. Ya shigo gida ya zauna a bakin gado, ya ce wa matarsa:

"Ummu Badr, abu ɗaya yaron nan ya roƙe ni. Yana da rai na ƙi, ya mutu na kasa."

Mastura ta rasa inda za ta sa idonta. Tausayinsa ya kama ta. Daga baya ta ce masa gobe ma rana ce, ya gwada shagon nan na kudu. Ya ce a'a, ai washin Mish'al ya kama, wannan karon an gama. Ya ajiye wuƙar, ya ce ta rage masa fitila, kuma kada ta wahalar da kanta da girkin dare.

Da aka kira magariba ta matsa masa har ya tashi ya fita, yana jan ƙafa. Ta tsaya a taga sai da ta ga ya shiga masallaci.

Sannan ta ɗauko wuƙar, ta sumbaci ƙotar inda hannun ɗanta ya goge ta, ta durƙusa a bakin matakalar kicin tana hawaye, ta shiga gurza kaifin a kan siminti, kamar yadda take yi duk ranar da ya gama washi.