Zoben da Ya Koma Hannun Dama

A tashar jirgin ƙasa ta Potsdam Irmgard ta cim ma saurayinta. Kyaftin Eckhart na rungume da jakar bam ɗin da zai ajiye ƙarƙashin teburin Shugaban ƙasa.

"Cire zoben nan, Irmgard, ki ce ba ki taɓa sanina ba," ya faɗa, ya kasa haɗa ido da ita. "In abin ya ƙi, har iyalin mutum jami'an tsaro ke kwashewa."

Ta daɗe tana kallon zoben baikonsu a hannunta na hagu. Sannan ta zare shi. Ya sauke ajiyar zuciya.

Sai ta zura shi a dama, inda matan aure ke sawa a ƙasarsu.

"To, su zo," ta ce. "Matarka za su tarar."