Akawu Ya Karɓi Cefane

Ranar da Akawu ya cika wata guda da ritaya ya gano abin da ya hana gidansa ci gaba shekara talatin: matarsa ba ta iya cefane ba.

A kicin ya gano hakan, yana tsaye a bayanta ya goya hannuwa, yana kallon yadda take tsiyaya man girki. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana kula da sito a kamfani, ko ƙusa ba ta taɓa ɓace masa ba, yanzu ba shi da abin sa wa ido sai kwalbar mai da kwandon albasa.

"Daga yau na karɓi cefanen mako," ya ce. "Ke ki ji da kekenki."

Matar tasa tela ce, ta saba da masu kawo yadi biyu suna son rigar yadi huɗu. Ta ce, "To, Baban yara. Allah ya taimaka."

Asabar ta farko ya zaga kasuwa uku don neman araha. Ya dawo da shinkafa mai tsakuwa, da sabulun da ba ya kumfa, da ƙwai dozin guda wanda biyar a ciki sun riga sun yi bankwana da duniya. Kuɗin mota kaɗai ya cinye ragin. Kwana uku bai fito daga ɗaki ba. Ya ce mura ce, amma ko tari ba a ji ba. Yana kwance dai ya fuskanci bango, kamar makon da aka sallame shi daga aiki.

A rana ta huɗu matar ta leƙo da shayi. Tana ajiye kofin ta ce, "Duk inda za ka je dai, ban da kantin nan na bayan tashar mota. Mutumin ko ga uwarsa ba ya ragi."

Asabar ta gaba, da sassafe, Akawu yana bakin kantin bayan tasha.

Ya ɗaga jakar shinkafa ya ce ba ta cika ba. Ya shinshina ganyen shayi ya girgiza kai. Sau biyu yana yin kamar zai fita. Mai kantin, wani mai ƙiba mai yawan murmushi, ya dafe kai, ya ce Malam zai sa shi ya rufe kanti, sannan ya sallama komai a rabin farashi. Har ya raka shi ƙofa ya ce a gaida tela.

Akawu ya shiga gida kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Ya dire kaya, ya damƙa wa matar rabin kuɗin cefanen.

"Riƙe. Wannan shi kike zubarwa duk mako. Ki sa a gwangwanin biskit, kada a taɓa."

Ta ce, "Lallai kam."

Haka aka yi ta yi. Mura ta warke. Akawu ya koma guge riga, ya koma aske gemu, ya koma cin abinci har da ƙari. Ya zama mai ba da shawara kyauta a layinsu, ko an tambaya ko ba a tambaya ba. Maƙwabcinsa direba ya haddace dabarun kaf, ya je kantin ya shinshina shayi ya yi kamar zai fita, aka bar shi ya fita. Akawu ya dafa masa kafaɗa ya ce ciniki baiwa ce, ba kowa aka ba ba.

Abu ɗaya ke ba shi haushi: matar ba ta ɗauki darasi ba. Duk Litinin sai ta yafa mayafi ta fita sayen zare, alhali da ta saya da yawa lokaci guda da ta samu ragi. Ya yi mata bayani sau biyu. Ta ce ai ita kanta ba ya ja.

Da aka yi wata takwas ya yanke hukunci. Firjin gidan ya daɗe yana gurnani kamar tsohon janareta, kuma bisa lissafinsa abin da ke gwangwani ya isa sabo. Ya gayyaci ƙanensa da direban su zo Asabar da yamma, a buɗe gwangwanin a gabansu, kowa ya gani da idonsa.

Matar ta tsayar da keke. "Baban yara, da ka bari tukuna. Firjin ai yana aiki."

Kishi, in ji Akawu a ransa. Ba kowace mace ke jure a fi ta a kicin ba.

Asabar ɗin ya isa kanti da wuri, don ya gama ya dawo ya shirya kujeru. Mai kantin ba ya nan. Wata mata ce ke tsaron kantin, da jariri a baya, da layin mutane a gabanta. Ta ce maigidanta ne ciwon baya ya kwantar.

Akawu ya tara kayansa, ya gyara murya, ya ɗaga jakar shinkafa.

"Kai ne mijin telar ko?" ta katse shi. Ta duba wata takarda, ta danna na'urar lissafi, ta faɗi rabin farashi.

Ya juya ya kalli mutanen layi ɗaya bayan ɗaya, don su shaida.

"Kun gani? Yanzu ba sai na buɗe baki ba. Mijinki ya san da wa yake hulɗa."

"Ya ce in bar ka ka yi surutunka ka gaji tukuna, amma ni ba ni da lokacin nan, ga jama'a," ta ce, tana cusa masa sabulu a leda. "Ka dai gaya wa matarka, sauran rabin da take kawo masa duk Litinin, wannan makon ni za ta ba."