Bayan Matar Sarkin Noma

"Ni ba na ƙulla magani a tsumma in ban taɓa bayan ba!" in ji Hamani wanzami.

"To ba na gaya maka yadda ciwon yake ba?" in ji Namadi.

"Kai ka gaya mini. Fito da mai shi."

Dole aka fito da Zara'u, matar Namadi, Sarkin Noman Gidan Amumune, wanda jibi zai ja gayyar gonar hakimi, makaɗa na biye da shi. So ya yi a gama abin nan a rufe, don abin da Hamani ya gani da hantsi, kafin azahar ya kai kasuwar Tasawa.

Zara'u ta kwanta rub-da-ciki a tabarma. Aka miƙa wa Namadi kujera, ya ce tsayuwa ta fi, ya jingina da rumbu.

Hamani ya danna ƙugunta. "Nan?"

Ta saci kallon mijinta. "Ƙasa kaɗan."

"Yana sauka ƙafa?"

"Ta hagu, har agara."

"In an yi tari fa?"

"Kamar sukar mashi."

"Zazzaɓi? Fitsari na tsayawa?"

Ta sake kallonsa. "A'a, lafiya lau."

Wanzami ya kafa ƙaho, ya zuƙa, ya ɗage, ya bi wurin da aska. Jini ya tsattsafo. Namadi ya kau da kai. Matar da ko ƙaya aka zo cire mata sai an riƙe ta! Shi ya jawo mata wannan. Shi ya rantse mata jiƙo kawai za a bayar.

"Irin wanga mai bin ƙafa, sai wuta," in ji Hamani. Ya cusa ƙarfe cikin garwashin murhu.

Namadi ya buɗe baki. Daga bayan danga wani ya wuce yana yi masa kirari. Ya rufe bakin, zufa na bin gemunsa.

Ƙarfe ya yi jawur. Hamani ya ɗago shi.

"Matar sarki, kafin in ɗora, faɗa mini tsakani da Allah. Ƙahon ya rage ciwon ko bai rage ba?"

Zara'u ta dubi ƙarfen, ta ɗaga kai ta dubi mijinta.

"Maigida, ana tambaya. Bayan naka ya saki, ko a ƙona ni?"