Darasin Kwankwaɗa

Tsohon malamin ya sake buga sandarsa a ƙasa.

"Guzzle! Shan haɗama ke nan, na wanda ba ya sauke kofi sai ya ga gindinsa. Ina abin wuya a nan?"

Jikarsa ta sosa kai. "To Kaka, ai duk sha ne."

Ransa ya ɓaci. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da Turanci, ya yaye likitoci da lauyoyi, yau ga jininsa ta tsaya a kan kalma ɗaya kamar jakin da ya ga rami. Yarinyar da kullum ita ke zuwa ta ɗaya a aji! Ga jarrabawa gobe. In ta faɗi, da wane ido zai kalli tsofaffin ɗalibansa?

Dama tun safe yake cike. Uwar yarinyar, 'yarsa ta fari, ta bi ta ishe shi da zancen maganin da likita ya ba shi, har ta yi masa hawaye. Shi kuwa ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe, ƙwaya ba za ta wuce maƙogwaronsa ba. Da ta gaji ta koma kicin tana buga tukwane.

"Raƙumi in ya isa rijiya," ya ce, "yaya yake yi?"

"Ni ban taɓa gani ba."

"Motar ubanki da fetur fa?"

"Mota tana da baki ne, Kaka?"

Saura ƙiris ya jefe ta da ƙamus. Ya fizgi kofin silban da ta ajiye masa a gefe tun shigowarta.

"Buɗe idonki! Wannan kurɓa ce." Ya ɗan taɓa da leɓe. "Wannan kuma..." Ya kafa kai, maƙogwaro na hawa da sauka, ruwa na bin gemu, bai sauke ba sai da ya ga gindin kofin. Akwai ɗan bauri, amma haushi bai bar shi ya kula ba.

"Au! Yanzu na gane."

"Sai da kika kusa kashe ni. Tashi ki ba ni wuri."

Ta ɗauki kofin ta fice. Yana goge gemu ya jiyo raɗa daga kicin, kunnen malami kuwa ba ya tsufa.

"Ya sha?"

"Tas, Umma, har garin ƙwayar da ya kwanta a ƙasa. Gobe wace kalma kuma zan manta?"